Idan Tarakta Ta Ƙi Ɗaga Garma

A ƙasar Kalmalo da Illela damina gajera ce. Ruwa yakan zauna wajen Yuni, kafin ƙarshen Satumba ya ɗauke. Iyalin da tarakta ta tsaya musu mako biyu a lokacin huɗa, rumbunsu ne zai nuna. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu yi magana a kan tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, tun da wasu 'yan'uwa sukan haɗa kuɗi su sayi irinta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan tarakta mai ɗaya ne ke yi wa giya aiki, shi ne kuma famfo ke turawa ya ɗaga garma. Saboda haka in hannuwan baya sun ƙi tashi, kada mu yi saurin cewa famfo ya mutu. Mu tsayar da ita a wuri mai daidai, mu zaro sandar awo. In man ya yi ƙasa, a ƙara. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, sau da yawa ta robar sandar giya da rana ta tsattsage. Sai a zubar da shi duka, a wanke matacin famfo, a zuba sabo. Kuɗin mai yana da zafi, mun sani, amma bai kai na famfo ba. Mazubin ma a goge shi, gama rairayin hunturu ba ya jin tausayin ƙarfe.

Wani lokaci ba abin da ya lalace. In direba ya taka kuloci har ƙasa, famfo yakan tsaya. Haka kuma in ya rikita sandunan nan biyu na gefen kujera, ta zurfin huɗa da ta tsayin ɗagawa.

Amma in garma ta tashi tana rawa, ko ta sauko da sauri da zarar an kashe inji, mai yana zurarewa ne a ciki. Wannan aikin bakanike ne, a nemi na kirki ko da sai an je Sakkwato.

Masu irin da aka rubuta wa Multi-Power su lura: in tana kan ƙaramin gudu, inji ba ya riƙe ta a gangare, sai ta zura da kanta. A sa ta a babba kafin a gangara fadama da kaya.

Iyaye, ku ja wa yara kunne, kada su shiga inuwar garmar da ke sama. Mai ne kawai ke riƙe da ita. Direba ya sauke ta ƙasa kafin ya tafi cin tuwo.