Garanti ko Sukudireba: Mas'alar Kwamfutar Cinya a Shumaisi

Duk wanda ya tashi daga unguwar Shumaisi ta birnin Riyad, wadda aka fi sani da babban asibitinta da aka buɗe a 1956, ya nufi kantin Jarir ko eXtra domin sayen kwamfutar cinya, kafin ya gama ƙirga riyalansa za a tambaye shi ko yana son ƙarin garanti. Kuma da yawa daga 'yan'uwanmu, don tsoron asara ko kunyar cewa a'a, sukan biya alhali ba su san abin da doka ta riga ta ba su ba. Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta wajabta lamunin shekara 2 a kan kayan lantarki, ta kuma ware lamba 1900 domin masu ƙorafi. Saboda haka wanda ya kwance na'urarsa cikin wannan wa'adi, in ya ɓata wani abu, ya miƙa wa wakilin kamfani hujja a kansa da hannunsa.

Bayan wa'adin ne magana take da faɗi, domin galibin ciwon kwamfuta a Riyad zafi ne da ƙura, a garin da zafin bazara yakan kai awo 45. Idan fanka ta fara kuka, ƙasan na'ura yana ƙona cinya, to mai haƙuri, bayan ya kashe ta, ya kwance murfin ƙasa, ya cire igiyar batir tun kafin ya taɓa komai, zai tarar ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska. Ya share da buroshi mai laushi, ya goge busasshen man sanyaya, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, shi ke nan. Batir kuwa in ya kumbura har ya ɗaga madannai, kada a matsa shi ko a soke shi, domin yana iya kamawa da wuta. A nemi sabo a kasuwar kwamfuta ta Olaya.

Akwai kuma fuskar shari'a, wadda mai kanti ba zai tayar ba. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai ɓata ciniki, kuma da wannan ma'auni malamai da dama suka kalli ƙarin garanti: in an haɗa shi da kaya a ƙulli guda sukan sassauta, tun da mabiyi ne ga cinikin, in kuwa an saye shi daban daga baya sai su ƙyamace shi.

A ganina ƙarin garanti ya fi cancanta ga siraran kwamfutocin zamani, waɗanda aka narke ma'ajiyarsu a jikin babban allo, ta yadda in allon ya mutu sukudireba ba ta da ta cewa, kuma kuɗin sabo ya kusa kuɗin na'urar. Ko a nan ma a karanta sharuɗɗa da natsuwa, domin ba kowace takarda ce ke ɗaukar faɗuwa ko zubar shayi ba. Wanda kuma yake shirin komawa gida baɗi, ya tambayi mai kanti tun yanzu ko lamunin yana ƙetare iyaka, domin mai gyara a Farm Centre ta Kano kuɗin hannu zai nema.