Sukurun da Kansa Ya Cinye: Dalili da Magani

Sukuru ƙusa ce mai zare wadda ake murɗawa da sukurudireba, wanda masu gyara a Nijar sukan kira turnabis. Shi ke riƙe hannun zarto da marfin injin da sauran kayan aiki. Idan tsagar da ke kansa ta lalace har bakin sukurudireba ya daina kamawa, sai a ce kan ya cinye. Ƙaramin abu ne, amma yakan tsayar da aikin kafinta ko makaniki yini guda.

Yawanci abin da ke kawo wannan shi ne amfani da bakin da bai dace ba, domin kan sukuru iri-iri ne. Akwai mai tsaga ɗaya, wanda shi ne mafi daɗewa. Akwai mai gicciye, wato Phillips, wanda ya yaɗu daga masana'antun mota na Amurka a shekarun 1930. Akwai Pozidriv, mai kama da Phillips, sai dai yana da ƙananan layuka huɗu tsakanin rassan gicciyen. Akwai kuma Torx, mai siffar tauraro mai tsini shida, wanda ya fito a 1967. Kowane iri yana da lambobin girma, misali PH1, PH2 da PH3. Haka nan baburan Japan da yawa suna da nasu sukuru mai gicciye, wanda sau da yawa ake ganewa da ɗan ɗigo a kansa. Bakin Phillips yakan zame a cikinsa, ya cinye shi.

Saboda haka, kafin a murɗa, sai a gwada bakin. Wanda ya dace yakan zauna daram, ya cika tsagar, ba ya girgiza. Bakin da ya dakushe kuwa a ajiye shi, don shi ma ɓarna yake yi.

In kan ya riga ya cinye, ana farawa da dabara mai sauƙi kafin a kai ga mai tsanani. Da farko a share ƙasa da tsatsa daga tsagar, a ɗiga mai, a dakata ya ratsa zaren. Sannan a kafa sukurudireba, a ɗan buga gindinsa da guduma don tsatsar ta saki. A danna da ƙarfi, a murɗa hagu a hankali. Idan ya zame, a shimfiɗa siririyar roba a kan sukurun, a danna bakin a kanta, domin robar tana cike gurbin da ya cinye.

Idan kan ya fito waje, ana iya kama shi da filaya. Ana kuma iya yanka sabuwar tsaga da zarton ƙarfe, a kwance shi da sukurudireba mai faɗin baki. Dabara ta ƙarshe ita ce a huda tsakiyarsa da injin huda, a sa wani ƙarfe mai zaren hagu, wanda ke ƙara nutsewa yayin da ake murɗa shi hagu, har ya fito da sukurun.

Sukurun da aka ciro ta haka ba a mayar da shi, sabo ake sawa, a ɗan shafa wa zarensa mai. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.