Bayani Ga Mai Son Sayen Inji Mai Fes Uku, Alhali Wutar Gidansa Fes Ɗaya Ce

Jama'a masu niƙa da masu gyaran ƙarfe, muna jawo hankalinku ga injunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Suna da ƙarko, kuɗinsu kuma da sauƙi. Amma yawancinsu an ƙera su ne don masana'anta, motonsu na fes uku ne, mai cin bolt 400 zuwa 415. Wutar gidajenmu kuwa fes ɗaya ce, bolt 230.

Ga abin da ya raba su. A fes uku, wayoyi uku ne ke kawo wuta bi da bi, kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Wannan karɓa-karɓa ita ce ke juya moto. In ka ba shi fes ɗaya, sai ya tsaya yana gurnani, ba ya juyawa, ya yi zafi, koyil ya ƙone. To, ka ga rangwamen da ka samu ya tafi wurin mai naɗin koyil.

Saboda haka kafin ka biya, karanta ɗan farantin da ke jikin moton. In an rubuta 230/400, akwai dabara. In kuwa 400/690 ka gani, wannan sai wuta mai bolt 400.

Hanya ta fari ita ce kafasita, irin ta fanka amma babba. Mai gyara zai buɗe akwatin moton, ya sauya haɗin daga sita zuwa delta, ya ɗaura kafasita kamar mikirofarad 70 ga kowane kilowat. Ita ce mafi araha. Aibinta, moton ba zai ba da fiye da kashi 2 cikin 3 na ƙarfinsa ba, kuma ba ya iya tashi da kaya. Kada ka zuba hatsi sai ya ɗauki gudu.

Ta biyu, a sami wani moton fes uku wanda ya fi na injin girma, a tayar da shi yana juyawa ba kaya. Shi zai haifar da fes na uku. Wannan tana ɗaukar inji biyu ko uku, sai dai ƙara da cin wuta.

Ta uku, inbatar da ake kira VFD. Tana karɓar fes ɗaya, ta fitar da fes uku masu bolt 230, don haka nan ma sai an yi delta. Moto zai ba da cikakken ƙarfinsa, ya tashi a hankali, ka kuma rage gudu ko ka ƙara yadda kake so. Yawancin masu karɓar fes ɗaya iyakarsu kilowat 2.2, wato doki 3, don doki ɗaya wat 746 ne. Kada a sa makunni tsakaninta da moto, kuma a tsare ta daga ƙurar gari.

Ko wace ka ɗauka, inji mai doki 3 ya fi ƙarfin soket ɗin ɗaki mai amfiya 13. A ja masa wayarsa mai kauri tun daga mita, a kuma kafa masa wayar ƙasa.

Babban injin niƙa mai doki 10 ko fiye kuwa, kada a wahalar da kai. Ko a nemi mitar fes uku wurin kamfanin rarraba wuta, kamar KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, ko a ɗaura masa injin gas da bel.

Shawararmu, ka haɗa kuɗin inji da na inbata da waya da ladan mai gyara, ka gwada jimlar da kuɗin moto mai fes ɗaya. Sa'an nan ka taya. Wassalam.