In Ƙafar Yaro Ɗaya Ta Fi Ɗaya Tsawo

'Yan'uwana mata, in kun ga yaro yana ɗingishi alhali bai faɗi ba, kada ku yi saurin cewa aikin iska ne. Akwai wata cuta da ba a cika gani ba, cutar Ollier, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta. Guringuntsi ne ke taruwa cikin ƙashi, ƙafa ɗaya ta kasa girma daidai da 'yar'uwarta. Wannan ba aikin maɗori ba ne, gama ba karaya ba ce.

A asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, akan ɗauki hoton ƙafafun a auna. In bambancin kaɗan ne, sai a ƙara wa takalmi tudu. In santimita 2 zuwa 5 ne, akan tsayar da girman doguwar har gajeriyar ta cim mata. In ya zarce haka, sai dabarar Ilizarov, likitan Rasha, ta shekarun 1950: a yanke ƙashin, a kafa masa ƙarfe, a riƙa jansa milimita 1 kullum, sabon ƙashi yana cike gurbin.

To, tsayar da girman nan ba ya yiwuwa in yaro ya gama tsawo. Kada ku yi jinkiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.