Tiyatar ƙashin baya: Aikin awa huɗu, jinyar shekara guda

A Maiganga, kamar sauran garuruwanmu na Adamawa, rabin rayuwa a ƙasa ake yin ta. A tabarma ake cin tuwo, a tsugune ake alwala, a durƙushe ake gaida manya. Tsintsiyar mata gajera ce, murhu kuwa duwatsu uku ne a tsakar gida. Mai lafiya ba ya lura da wannan, sai ranar da likita ya kafa masa doka uku: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba murɗa ƙugu, har tsawon wata uku.

Wata goma ke nan da aka yi mini tiyatar haɗa ƙasusuwa biyu na ƙasan bayana. Tun da na dawo, duk mai ciwon baya a kasuwa sai ya tsayar da ni: "Alhaji, da gaske ƙarfe aka sa maka? Ana tashi kuwa?" Ana tashi, da yardar Allah. Sai dai tashin yana da sharuɗɗa, kuma mafi yawansu a gida ake cika su.

Me ake yi a tiyatar?

Ƙasan bayan mutum yana da ƙasusuwa biyar a jere, likitoci na kiran su L1 zuwa L5. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi, ta gefensu kuma jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke fitowa. Ni na huɗun ne ya zame gaba a kan na biyar, ya matse jijiya. Shekara ashirin ina sauke buhunan masara da garin rogo a shagona, har ta kai daga shago zuwa masallaci sai na zauna sau biyu, ƙafar hagu tana zugi kamar an zuba mata barkono.

Ya kamata a sani cewa yawancin ciwon baya ba ya bukatar wuƙa. Ni ma sai da na shekara biyu ana magani da gashi, kafin hoton IRM da aka yi mini a Yawunde ya nuna babu makawa.

Aikin ya ɗauki kamar awa huɗu. Likita ya buɗe wa jijiyar hanya, ya ɗaura kusoshi huɗu da sanduna biyu na ƙarfen titaniyam, sannan ya jera ɓarɓashin ƙashi tsakanin ƙasusuwan biyu. Dabarar ta girmi kakanninmu: a 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, suka fara haɗa ƙashin bayan masu tarin fukan da ya ci ƙashi. Kusoshin da ake amfani da irinsu yau kuwa, likitan Faransa Raymond Roy-Camille na cikin waɗanda suka fito da su.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda likitan ya faɗa washegari. Ya ce, "Ni ɗaurewa kawai na yi. Ƙarfen nan kamar katakon da magini ke tokare kankare da shi ne kafin ya bushe. Jikinka ne zai haɗa ƙashin, kuma zai ɗauki wata shida zuwa shekara." Idan ƙashin bai kama ba, kusoshin kan yi sako-sako ko su karye, a koma tiyata ta biyu. Ni da na sayar da shanu huɗu da wani fili kafin na farkon ya yiwu, na san ba ni da kuɗin na biyu.

Hanyar gida ma jinya ce

Kwana ɗaya da aikin aka tashe ni tsaye na taka. Bayan kwana shida aka sallame ni, amma daga Yawunde zuwa Maiganga ta Bertoua da Garoua-Boulaï kusan kilomita 700 ne, kuma an hana ni zaman da ya wuce rabin awa a lokaci guda. Sai na yi mako uku a gidan wani ɗan'uwa a Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, har aka cire ɗinki. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa na dare, muka kama ɗaki mai gado, na kwanta har Ngawundere. Sauran kilomita kamar 160 muka yi shatar ƙaramar mota, aka kwantar mini da kujerar gaba, duk bayan ɗan lokaci direba ya tsaya na fito na taka.

Duk mai shirin wannan tiyata daga Arewa, ko daga Garwa ko Marwa ko nan Mbere, ya sa kuɗin masauki da na komowa cikin lissafinsa tun farko. Motar haya da ake cusa mutum biyar a kujera ɗaya ba ta mai sabon ɗinki ba ce.

Sai da aka ɗaga gidan sama

Kafin na iso, uwargida ta riga ta juya gidan. Katifata da ke ƙasa an ɗora ta kan gado mai tsayin gwiwa. Kafinta ya ƙera kujera mai rami a tsakiya aka ɗora kan masai, domin tsuguno na cikin abubuwan da suka fi wahalar da sabon aiki. Na sha jin kunyar kujerar nan a makon farko, amma duk cikin kayan jinyata babu wanda ya kai ta amfani, kuma kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba.

Buta ta koma kan benci. Bokitin wanka yara ke ɗauka, domin an ce kada in ɗaga abin da ya wuce kilo biyar, wato ko jarkar ruwa ƙarama ta kai iyaka. Guga da rijiya kuwa sai kallo. Tashi daga gado ma da yadda ake yi: ka juya gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu, ka tura jiki sama da hannu.

Babban maganin da aka rubuta mini shi ne tafiya. Na fara da zagaya tsakar gida minti biyar sau huɗu a rana, na koma ƙofar gida, na koma ƙarshen layi. Tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana motsa ciki, tana kuma taimakon ƙashi. A damina, da jar ƙasarmu ta zama santsi, cikin zaure nake kai da komo, domin faɗuwa ɗaya na iya rushe aikin wata uku.

Salla da gaisuwa

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sujada. Na aika aka tambayi limaminmu, ya zo da kansa. Ya tuna mini hukuncin da kowane ɗalibi ya sani: wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. Ya ce, "Alhaji, kai tsayuwa ba ta gagare ka ba. Ka yi kabbara da karatu a tsaye, ruku'u da sujada ka yi nuni gwargwadon iko. Wanda Ya ɗora maka ciwon Shi Ya ba ka rangwamen." Wata huɗu ina salla da kujera. Alwala kuma a zaune kan benci, ƙaramin ɗana yana zuba mini ruwa a ƙafa.

Gaisuwa ma ta zo da nata. Ranar da kawuna, dattijo mai shekara tamanin, ya zo duba ni, jikina da kansa ya fara neman durƙusawa. Ya ɗaga sanda ya ce, "Kul! Tsaya yadda kake, ɗana. Ladabinka na riga na gani tun kana yaro." Da manya za su riƙa faɗa wa majinyata haka da bakinsu, da an rage ɓarna, domin kunya tana sa mutum ya yi abin da ciwo ya hana shi.

Masu dubiya da magungunansu

Jama'armu akwai zumunci, Allah Ya saka. Amma kusan kowane mai dubiya da nasa maganin. Wannan ya ce a kira mai ɗori ya ja bayan ya miƙe, wancan ya ce wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wata gwaggona ma cewa ta yi kada in fita idan hadari ya haɗu, wai ƙarfe na jan tsawa. Masu ɗori suna da aikinsu, amma bayan da ke ɗauke da kusoshi ba a ja, ba a dannawa. Tsaga kusa da wurin aiki kuma ƙofa ce ga ƙwayar cuta, in ta kai ga ƙarfen fitar da ita sai an sha wuya. Batun tsawa dai, damina guda ta wuce ina nan.

Akwai abu biyu da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci. Na farko taba, ta sha ko ta baki: sinadarin nikotin yana takure ƙananan hanyoyin jini, yana hana sabon ƙashi kamawa. Na biyu magungunan kashe ciwo na teburin bakin hanya. Likitana ya hana ni diclofenac da ibuprofen na tsawon watanni, domin suna iya jinkirta haɗuwar ƙashi. Tramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu. In likita ya rubuta, a sha iya kwanakin da ya ƙayyade a ajiye. Yana kuma ƙulle ciki, shi ya sa gwanda, miyar kuɓewa da ruwa mai yawa ba su rabu da ni ba. Don gina ƙashi kuwa Allah Ya hore mana a nan: kindirmo, ƙwai, wake, nama da zogale.

Sai babur. A garin da kowace tafiya ɗan moto ake tsayarwa, wata shida ban hau ba. Rami ɗaya ya isa.

Alamomin da ba a jira da su har gobe: zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, kumburin ƙwauri ɗaya mai zafi, sabon rauni a ƙafa, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Zazzaɓi a nan kowa zai ce na sauro ne. A gwada, amma a sa ma'aikacin lafiya ya duba ɗinkin, a kuma kira likitan da ya yi aikin. Kada a baro asibiti ba tare da lambarsa da takardar bayanin aikin ba.

Matan fa?

A ɗakin da ke kusa da nawa a asibiti akwai wata baiwar Allah daga Tibati da aka yi wa irin aikina, tana da yaye a gida. Ni na dawo na tarar da masu ɗebo mini ruwa. Ita shara, daka, wanki da goyo ke jiran ta, kuma duk cikinsu babu wanda doka ukun nan ba ta hana ba. Maigidan da ya iya biyan kuɗin tiyatar matarsa, ya sani bai gama biya ba sai ya samo mai riƙe mata gida na wata uku.

Inda nake yanzu

A wata na uku na koma aka yi hoto, aka ba ni izinin fara motsa jiki da mai gashin ƙashi. A na shida aka ga sabon ƙashi ya fara cike gurbin. Zugin ƙafa ya tafi, sai ɗan dindiris a babban yatsa, wanda aka ce jijiya ce ke warkewa a hankali, mai yiwuwa ma wani ya zauna. Bayan ya ɗan sandare, musamman da asubar hunturu. Ina sujada yanzu, ina zama a shago, amma buhu na bar wa yara har abada, domin haɗe ƙashi biyu yana ƙara wa na sama da na ƙasa nauyi.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya tanadi gado mai tsayi, kujerar masai da mai taimako tun kafin ya kama hanyar Yawunde. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.