Tawakkali a Bakin Dajin Kamuku

A shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta ɓaci, tambayar farko da direba ke yi wa ɗan'uwansa da ya shigo tasha ita ce, "Yaya hanya?" Shi kuwa ba ya wuce cewa, "Mu dai mun wuce lafiya." Ba ya yi wa kowa alkawari, domin hanyar da ta bar shi da hantsi tana iya rufewa kafin azahar. Duk da haka mota kan cika. Da an wuce Buruku hira ta mutu, wannan ya zaro carbi, wancan ya buga waya gida: "Mun taso, a sa mu a addu'a."

Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, da an san shi ne da giwaye da sauran namun daji. Ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma wannan faɗin nasa ne ya sa 'yan bindiga suka mai da shi mafaka. A watan Mayun 2018 an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. Manoma a wurare da yawa sun biya haraji kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin girbi. Ko biyan ma bai zama tabbaci ba, don wanda ya karɓa yau ba lallai shi ne zai tare ka gobe ba.

To, me ya hana mutumin Randagi ko na Dogon Dawa ya jingine fartanya? Manomi ya riga kowa sanin cewa ba a noma da tabbas. Yakan ci bashin taki, ya zuba irin masara a ƙasa bayan ruwan shuka, alhali bai san ko za a yi fari ba, ko tsutsa za ta faɗa wa gonar, ko farashi zai karye da kaka. Tashin hankali ƙari ne kawai a kan rashin sanin da ya gada. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta lissafa abubuwa biyar da Allah ya keɓe wa kansa saninsu, kuma uku daga ciki kullum suna gaban mutumin wannan yanki: saukar ruwan sama, abin da zai samu gobe, da ƙasar da zai mutu a cikinta.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne idan zuciya ta nace sai ta sani. Wannan ƙishirwa ce ke kai mutum gidan boka da mai duba, ya sayi layar da aka ce harsashi ba ya ratsa mai ita. Ita ce kuma ke sa a kwana ana bin saƙonnin WhatsApp, kowane ya fi na baya firgitarwa, har a watse daga gari saboda labarin da ba wanda ya ga tushensa. Mai irin wannan hali ba ya samun tabbacin da yake nema, barcinsa da kuɗinsa kawai yake asara.

Sai dai akwai masu faɗawa ɗaya ramin, su kira sakaci da sunan tawakkali. An ce kada a bi hanya da yamma, ya ce ai kwana idan ya ƙare ya ƙare. Wannan ba koyarwar addini ba ce. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure tukuna. Shi kansa Manzon Allah, daren hijira, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya kuma ɗauki jagora masanin hanya. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta ɓulla a Sham. Saboda haka direban da ya jira rakiyar sojoji, da manoman da suke tafiya gona a ayari su dawo da wuri, su ne suka fahimci karatun. Ai Hausawa kan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, sakamakon sulhun da aka yi da wasu 'yan bindiga. Mutane suka rabu biyu: masu murna, da masu tuna cewa an yi irin wannan sulhu a Zamfara da Katsina ya wargaje. Duka ɓangarorin suna da hujja. Amma wanda ya ce ba zai share gonarsa ba sai an rantse masa zaman lafiya ya zauna daram, damina za ta wuce shi. Ya koma, ido a buɗe, kunne a ƙasa, sauran ya bar wa Mai Sama.

Abu ɗaya ne ba zan yarda da shi ba: mai mulki ya ari wannan wa'azi ya yi wa talaka. Idan an kai hari aka zo jaje, aka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, a ci gaba da addu'a, sannan aka shiga mota aka koma Kaduna, an ɗora wa mutane rabin hadisi an gudu da rabi. Ɗaure raƙumin Birnin Gwari aikin hukuma ne: jami'an tsaro a kan hanyar Funtuwa da ta Kaduna, gyaran titi, buɗe makarantu da asibitocin ƙauyukan da aka tasa, da hukunta duk wanda ya karya sulhu. Talaka ya yi nasa, ya shuka bai san ko zai girbe ba. Saura ku.