Tsohon Babur Zai Tashi In An Bi Shi Sannu

'Yan'uwa manoma, a ƙungiyoyinmu da yawa akwai tsohon babur jingine a bayan sito, ya yi shekaru ba wanda ya hau shi. Ga shi kuwa muna bukatarsa domin ɗauko taki, da zuwa jin farashi a kasuwa, da kai marar lafiya asibiti da dare. Kafin ku sayar wa 'yan gwangwan, ku duba ko zai tashi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku ɗauki Honda CG125. An fara ƙera shi a 1975 domin ƙasashen da makanikai suka yi ƙaranci, saboda haka injinsa yana da jimiri. Babura da yawa na ƙasar Sin sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa kayan gyaransa ba su da wuyar samu.

Abin da ya fi kashe irin wannan babur shi ne gaggawa. Kada ku zuba fetur ku hau buga kik. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ƙasa, fistin ya bushe, wataƙila zobbansa sun manne. In aka tilasta masa, sai zobe ya karye ya karce cikin inji, ƙaramin gyara ya zama babba.

Da farko ku cire fulogi, ku zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin, ku bar shi kwana 2. Sa'an nan ku danna kik da hannu a hankali. In ya ƙi motsi, kada ku yi masa ƙarfi, ku kira makanike. In ya motsa, ku zubar da tsohon baƙin mai, ku sa sabo, wajen lita 1.

Tsohon fetur yakan yi danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Ku juye shi, ku wanke kafireta. In tanki ya yi tsatsa, ku zuba kananzir da 'yan notuna, ku girgiza, ku ɗauraye, ku shanya. Ku yi wannan aiki nesa da wuta. Ku duba ko ɓera ya ci waya, ko zanzaro ya yi gini cikin salansa. Batir kam, sai sabo.

Ran da ya tashi, ku bar shi ya yi ɗumi, kada ku murɗa masa wuta. Kada kowa ya hau sai an gwada birki, an sa wa sarƙa mai, an canja tayar da ta tsattsage. Taya tana iya fashewa da buhu biyu a baya.

Ƙungiya ta rubuta kuɗin gyara tun kafin a fara, ta sabunta takardu, ta sayi hular kwano. Ta kuma ɗora alhakin babur a kan mutum ɗaya, gama kayan kowa da kowa shi ne yakan koma bayan sito.